Rantsuwar Malam Halliru da Jakunan Arzika

Jakuna ne suka haɗa su, kuma ba haɗuwar daɗi ba ce a farkonta.

Maccido ɗan Arzika ya taso daga Ƙonni da kayan kanwa da gishiri, rana ta dake shi har idonsa na ganin bibbiyu. Da ya iso bakin tafkin Kalmalo ya sauke wa jakunan kaya su sha ruwa, ya ce bari ya ɗan jingina da gindin gawo. Jinginar ke nan barci ya kwashe shi.

Ba laifinsa ba ne sosai. A shekarun nan kowa a gajiye yake a ƙasar Illela. Turawan Ingila sun ci Sakkwato, na Faransa sun zauna a Ƙonni, an kakkafa turakun ƙarfe a tsakani an ce nan ƙasa daban, can ƙasa daban. Hanyar da fatake suka gada tun kaka da kakanni ta zama sai an tsaya an yi bayani a gaban mai bindiga.

Muryar mace ce ta tashe shi.

"Mai jakkai, in ka gama barcin, ka zo ka ga aikin da yaranka sunka yi muna."

Ya buɗe ido ya ga budurwa tsaye da tsumagiya a hannu, doguwa, baƙa, yatsunta duk shatin tawada. Bayanta kuwa garka ce, wato lambun albasa, jakunansa sun karya darni sun tattake kusan rabinta. Ita ta kore su ita kaɗai, tana haki.

Ya kamata ya dubi ɓarnar. Ita ya tsaya kallo.

"Garkar wa ta?" ya ce daga bisani.

"Ta Malam Halliru. Ni ɗiyatai ta, Ummul Khairi."

"To ki yi haƙuri, Khairi."

"Ban ba ka izinin yanke mini suna ba. Kuma haƙurin ba wajena shike ba, shina Illela, zauren Baba."

Ta juya ta tafi. Sai da ta yi nisa ta waiwayo sau ɗaya, wai don ta ga ko ya ɗaure jakunan.

Uban Maccido, Arzika, babban bafatake ne, kuma mutum ne da ya yi imani cewa babu abin da ba shi da farashi a duniyar nan, sai dai wanda ba a iya tayawa ba. Da ya ji labarin ɓarna bai ko yi faɗa ba. Ya saɓa riga, ya ja ɗansa sai zauren Malam Halliru, mai makarantar allo a bayan masallaci.

Malam mutum ne siriri, mai magana a hankali. Ya ce albasar nan da ita yake ciyar da gida har kaka. Arzika ya ce ai albasa ba ta riga ta yi kai ba, za ta farfaɗo. Malam ya ce wadda aka tumɓuke fa? Arzika ya taya kantun gishiri ɗaya. Malam ya girgiza kai. Arzika ya ƙara da takin jakuna, a kai masa har garka. Malam ya ce a gyara darni kuma. Aka yi ja, aka yi sassauci, kowa ya rage nasa, kafin a kira azahar an shafa fatiha ana dariya.

A hanyar gida Arzika ya dafa kafaɗar ɗansa.

"Ka gani? Malam ma ciniki shika yi kamar kowa. Duk wanda yac ce maka albarka, jira shika yi ka ƙara."

Gaskiya ya faɗa game da albasa. Kuskurensa shi ne ya ɗauka ya gama karanta mutumin.

Gyaran darnin da bai kamata ya wuce yini biyu ba, Maccido ya ja shi har albasa ta yi kai. Kullum akwai ƙayar da ba ta zauna daidai ba. Khairi kuwa ita ke kawo wa mai ban ruwa abinci da hantsi, ta biya gindin bagaruwa ta tsinci ƙaron da take haɗa wa mahaifinta tawada da shi.

"Wanga darni naka ba shi ƙarewa?" ta ce masa wata rana.

"In ya ƙare, da wane dalili zan zo?"

"Ka sake sakin jakkai."

Ta faɗa ne tana kallon ƙasa, amma murmushin ya ƙi ɓoyuwa. Tun daga ranar yake ce mata Mai tawada, ita kuma ta ƙi sauya masa suna daga Mai jakkai.

In fatauci ya kai shi nesa, Gwaggo Zuwaira ce ke ɗaukar musu saƙo. Ƙanwar Arzika ce, dillaliya mai bin kasuwannin yankin, ba gidan da ba ta shiga a Illela da tallan zane da kwalli, kuma Allah ya yi mata riƙon magana: yadda aka faɗa mata haka za ta sauke, har da inda aka ja numfashi.

Nasa saƙon ya ce: "Ki gaya ma Mai tawada na sauka Gwadabawa lahiya. Na ci tuwo bai yi mini daɗi ba, na sha hura ba ta yi mini daɗi ba. Ban san mi ad dalili ba, ko ita ta sani."

Nata ya dawo: "Ki ce ma Mai jakkai dalilin gajiya ta, ya rage kai da kawowa. Ki ce mishi kuma na ga wani dogo bakin kasuwa daga nesa, gabana ya hwaɗi, ashe ba shi na ba. Kada ya ji daɗi da yawa."

Ya ji daɗi da yawa. Da ya dawo bai ko sauke kaya ba ya ce wa mahaifinsa a je a nema masa Ummul Khairi.

Arzika ya yi murna, don haɗa zuri'a da gidan malamai daraja ce da gishiri ba ya sayowa. Aka kai goron gaisuwa, Malam ya karɓa da sakin fuska, ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara.

A cikin lokacin nan ne Dabo ya shiga tsakani. Dabo ɗan mai unguwa ne, ya daɗe yana zagayen gidan Malam, Khairi ba ta taɓa ba shi fuska ba. Ya sami Malam bayan sallar magariba ya tuna masa da wata magana da duk Illela ta sani. A shekarar da aka kafa turakun iyaka, Malam Halliru ya tsaya a ƙofar masallaci, a gaban jama'a, ya rantse da Allah cewa duk wanda ya sa hannu a aikin turakun nan ba zai auri mace daga gidansa ba. To, in ji Dabo, jakunan Arzika ne suka yi dakon turakun, kuma Maccido ne ya kora su.

Malam ya aika aka kira uba da ɗa.

Arzika ya shigo da shirinsa. Ya ce jakunan nasa ne, ba ya musu, an yi hayarsu kamar yadda ake hayar na kowa. Amma wanda ya kora su wani bara ne da ya daɗe da komawa ƙasar Adar. Dabo ya ce ƙarya ne. Arzika ya ce a kawo shaida. Murya ta fara tashi.

Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru. Wannan ba maganar ja-in-ja ba ce a wurinsa, abu ne da ko ya faru ko bai faru ba, kuma wanda ya sani yana zaune a gabansa.

"Maccido, kai nika tambaya. Kai kak kora su?"

Maccido ya ji idon mahaifinsa a gefen fuskarsa kamar garwashi. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da Khairi, kuma babu mai iya ƙaryata shi sai Dabo, wanda ba wanda ya ɗauke shi da nauyi.

"Ni na, Malam. Baba ya aike ni, na tahi."

Malam ya daɗe yana kallonsa. Ba fushi a idonsa, sai wani abu mai kama da tausayi.

"Allah shi yi maka albarka da gaskiyar da kaf faɗi. Amma na rantse. Ku ɗauki goronku."

Ya juya wajen Dabo ya ce shi ma ya daina zagayen gidansa, ba ya ba da ɗiya ga mai kai magana. Wannan bai rage wa Maccido komai ba. Ya tashi ya fito daga zauren.

Arzika ya yi masa faɗa har bakinsa ya bushe, sannan ya huce ya ce, "Bar shi. Ya ce albarka na. Mu ƙara."

Nan aka shiga wahala.

Ya fara da turmin zane da ƙwaryar goro. Malam ya mayar, da godiya. Ya ƙara da kantun gishirin Bilma da buhun alkama. Malam ya mayar, ba godiya. Arzika ya ce alama ce mai kyau, mai kaya ya fara jin nauyin tayi. Ya aika da saniya mai ɗa. Ya aika a ce zai sake wa makaranta rufi, ya haƙa rijiya a ƙofar masallaci. Ya tura limamin garin Amarawa, ya tura sarkin fawa, ya tura duk wani mai furfura da ya taɓa cin goronsa.

Kuma wa ke korar jakunan zuwa ƙofar Malam? Maccido. Wa ke koro su gida da kayan ba a ko kwance ba? Shi ɗin dai. Tun mutane na leƙe ta kan katanga har suka fara fitowa su zauna a inuwa suna kallo. Masu zaman kasuwa suka mai da abin wasa, wani ya ce a saniya ta uku Malam zai sauko, wani ya ce sai an kai raƙumi.

Abin da ya fi ci wa Maccido rai shi ne, da farko Malam kan fito da kansa ya ce a mayar. Daga baya sai ya turo a faɗa. Daga baya aka daina buɗe ƙofar zauren in an ji kukan jaki. Aka kuma hana Khairi zuwa garka.

Maccido ya rame. Ya gaji da hanya, ya gaji da dariyar mutane, ya gaji da jin mahaifinsa yana cewa saura kaɗan. Wani lokaci har ya kan ji ya gaji da son ma, ya ce da zai iya sauke shi kamar yadda yake sauke wa jaki mangala, da ya huta. Sai kuma ya tuna yadda take kallon ƙasa in za ta yi murmushi, abin ya dawo sabo.

Ya aika da Gwaggo: "Ki ce ma Mai tawada ban san abin da zan ƙara ba. Baba ya ce doki. In doki bai yi ba, ban san mi za ya yi ba. Ki ce mata ina nan."

Gwaggo ta dawo fuskarta ba walwala, ta zauna ta sauke saƙon yadda aka ba ta.

"Ki ce ma Mai jakkai, don girman Allah su bari. Duk jakin da yat tsaya ƙoharmu, ƙara nisa shika yi tsakanina da shi. In shina sona, ya zo bakin rijiyar bayan gari gobe da hantsi, ke ki rako shi. Kuma ya zo shi ɗai, ba jaki."

Ya same ta zaune a kan tulunta. Ita ma ta zube, idonta ya faɗa. Gwaggo ta koma gefe tana gyaran ɗaurin kayan tallarta, wai ba ta ji.

"Kin rame, Khairi."

"Kai ma ba ka yi ƙiba ba."

 Shi ya rasa ta inda zai fara, don duk maganar da ya iya a wannan lamari ta tayi ce da ƙari.

"Ni ban gane ba," ya ce. "Ranar albasa an yi magana an gama kamin azahar."

"Albasa ana raba ta biyu, kowa ya ɗauki rabi. Rantsuwa ta wane gehe za ka yanka?"

"To babu mahita ke nan."

"Akwai. Baba ya hi kowa sanin ta, shi ka karantar da ita. Wanda yar rantse, in ya ga abin da yaf hi alheri, shina iya barin rantsuwar ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Ranar da kaf faɗi gaskiya, da yad dawo cikin gida bai ci tuwo ba. Na san zuciyatai ta motsa. Sai ga zane. Sai ga gishiri. Yanzu in ya sauko, mi Illela za ta ce? Ta ce Malam Halliru ya sai da sunan Allah a bakin saniya. Kun toshe mishi ƙohar da zai hita."

Maccido ya zauna a ƙasa. Wata da watanni yana dakon abin da ke kashe masa aure, da ƙafarsa, cikin rana.

Can ya ɗago kai.

"Khairi, wai mi yas sa Malam yay yi wagga rantsuwa tun farko?"

Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa.

"Sai yau wani daga gidanku yat tambaya."

Ta gaya masa. Malam yana da wa, Malam Abu, wanda ya raine shi bayan rasuwar ubansu, ya koya masa karatu tun daga baƙi. Yana zaune a wani ƙauye arewa da Illela, tafiyar da ba ta kai yini ba. Da aka kafa turakun, ƙauyen ya faɗa ɓangaren Faransa, kuma a kwanakin farko an tsare hanya, ba shiga ba fita. A cikin kwanakin ne aka aiko cewa Malam Abu na kwance yana kiran ƙanensa. Malam ya tafi da ƙafa har gindin turke, masu bindiga suka mai da shi. Ya yi roƙo, ya yi magiya, suka ture shi rawaninsa ya faɗi. Malam Abu ya rasu, aka yi masa sutura, ƙanensa bai samu ko sallar gawa ba. Daga wajen turken ya wuce masallaci, a nan ya rantse. Har yau bai taɓa ganin kabarin ba, don ya ce ba zai sake tsayawa gaban mutanen nan yana neman izinin gaida ɗan'uwansa ba.

"Kowa ya ji rantsuwar," in ji Khairi. "Mutuwar ta wuce cikin hayaniya. Gidanku ba wanda yaz zo gaisuwa."

Da ya koma gida ya tarar da mahaifinsa yana duba haƙoran wani doki. Maccido bai taɓa yi masa musu ba tun da aka haife shi. Ya durƙusa ya ce, "Baba, a mai da dokin nan." Sannan ya kwashe labarin duka ya faɗa masa.

 Arzika ba mugu ba ne, shi dai bai saba tambayar dalilin mai kaya ba, farashinsa kawai yake tambaya.

"To yanzu mi kaka so a yi?"

"Mu tahi gaisuwar mutuwa."

"Mutuwar da tad daɗe haka?"

"Wajenai ba ta daɗe ba."

"To mi za mu riƙa?"

"Ba komi."

"Ko goro?"

"Ko goro, Baba. Kuma kada a ambaci aure."

Arzika ya ce wannan ai zuwan banza ne. Shiga zauren mutum hannu rabbana, a wurinsa, kamar fita kasuwa ba riga ne. Ya yi kwana da kwanaki yana ƙunƙuni. Amma yana ganin yadda ɗansa ke tsakurar tuwo yana ture akushi, kuma ɗan nan shi kaɗai gare shi namiji. Wata safiya ya sa tsohuwar riga ya ce, "Tashi mu tahi."

Da yake ba a ji kukan jaki ba, an buɗe musu ƙofa. Malam ya dubi bayansu, bai ga kaya ba, ya nuna musu tabarma.

Arzika ya zauna ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya ɗora su a gwiwa, ya sauke, ya sa a aljihu ya tarar ba komai a ciki.

"Malam, ba maganar yara tak kawo ni ba," ya ce da ƙyar. "Sai kwanan nan nij ji yadda Malam Abu yar rasu, da abin da anka yi maka a hanya. Jakkaina sunka ɗauki turakun, an biya ni, na ci. Ban zo gaisuwa ba. Ya haƙuri, Malam? Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta."

 Malam ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha, har Maccido ya zaci korarsu za a yi.

"Haƙuri sai ma'abucinsa," ya ce a hankali. "Amin."

Sai kuma ya ci gaba, kamar da kansa yake magana. Ya ce Malam Abu ne ya fere masa alƙalami na farko. Ya ce shekarar yunwa shi ya riƙa ba shi rabonsa yana cewa ya ƙoshi. Ya ce mutumin ba ya iya dariya ba tare da ya yi tari ba. Ya yi ta faɗa, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Arzika, wanda bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen zance bai tsoma baki ba, ya zauna shiru har aka kira la'asar.

A hanya ya ce wa ɗansa, "To ga shi, mun zo mun koma ba mu samu komi ba."

 Maccido ma haka ya gani, kuma ba shi da sauran ƙarfin da zai yi wata dabara.

Kasuwa ta ci ta sake ci, shiru. Sannan wata rana aka ce Malam na kiran Maccido.

"Ku fatake kun san daji," in ji Malam. "Akwai hanyar da ba ta bi ta gaban masu bindiga?"

"Akwai burtalin Hillani, Malam. Shina da nisa, amma ba kowa."

"Za ka kai ni?"

Suka tashi bayan sallar asuba, Malam a kan jaki, Maccido a ƙasa riƙe da igiya. Ɗan marigayin ya nuna musu kabarin, tudun ƙasa da fasasshen tulu a kai, ciyawa ta fara rufe shi. Malam ya tsuguna ya daɗe yana addu'a. Maccido ya koma nesa ya ba shi wuri.

A dawowa maganar Khairi ta zo masa har bakin harshe ba sau ɗaya ba. Ga Malam shi kaɗai, zuciyarsa a sanyaye, ba lokacin da ya fi wannan. Amma ya san in ya furta, tafiyar nan ma ta zama saniya ta huɗu. Ya haɗiye. Har suka shigo Illela ba abin da ya ce sai, "Malam, a sha ruwa."

Ranar Juma'a bayan an sallame, Malam Halliru ya miƙe a ƙofar masallaci, daidai inda ya tsaya a wancan karon.

"Jama'a, kun ji ni na rantse a nan. Cikin zahin rai niy yi ta. Na ga abin da yaf hi ta alheri, na bar ta, zan yi kaffara. Kun kuma ga kayan da anka kai ƙohata, kun ga sun koma. Ko allura ban riƙe ba."

Lokacin bazara ne, ruwa bai sauka ba, kowa ya san rumbun Malam ya kusa kaiwa ƙasa. Maccido ya ga bakin mahaifinsa ya buɗe, ya san abin da zai fito: geron kaffara a kaina. Ya miƙa hannu ya riƙe gefen rigarsa ya matse. Arzika ya dube shi, ya dubi Malam, ya rufe baki. Gumi ne ya karyo masa.

Malam ya shiga rumbunsa da kansa ya kakkaɓo damman da suka rage. Khairi da mahaifiyarta suka sussuka, suka daka, aka yi tuwo aka kira miskinai goma suka ci suka ƙoshi a zaurensa. Gidan suka ƙarasa bazarar nan da kunu da tafasa, kuma ba wanda ya isa ya aika musu da ko mudu.

Saƙon da Gwaggo ta kawo a makon gajere ne: "Ki ce ma Mai jakkai hannuna ya yi kanta da daka, kuma ban taɓa jin daɗin daka irin wanga ba."

Ya mayar: "Ki ce ma Mai tawada na ji. Ki ce mata ba ni da sauran magana, duk ta ƙare a hanya. Ita dai nika jira."

Aka sa rana bayan an yi shuka. Malam ya gindaya sharaɗi ɗaya: ba lefen nuna arziki, ba jerin jakuna. Wannan ya yi wa Arzika ciwo ƙwarai, don ya riga ya gama tsara bikin da za a daɗe ana labarinsa har Ƙonni, ga shi yanzu za a ce ko karayar arziki ta same shi.

Ranar ɗaurin aure zauren ya cika har waje. Liman ya tambayi sadaki. Malam ya faɗi mafi ƙarancin abin da shari'a ta yarda da shi. Masu zaman kasuwa suka zuba wa Arzika ido, don tun da suke da shi ba su taɓa jin an yanka masa farashi ya tsaya a kai ba, ko sama ko ƙasa.



"Mun karɓa," in ji Arzika. "Yadda Malam yac ce."

Aka shafa fatiha.

Da yamma, kafin mata su tafi da amarya, Malam ya sa aka kawo su gabansa su biyu. Khairi na lulluɓe tana kuka ƙasa-ƙasa, Maccido na durƙushe gefenta. Malam ya ɗora hannu a kanta, ya ɗora ɗaya a kan Maccido.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari, shi hutar da ku. Za ku saɓa, ba makawa. In kan hatsi na, ku raba. In kan abin da yaf faru na, ku tambayi wanda yas sani. In kuwa ɗayanku ciwo shika ji, to ɗayan ya ajiye duk abin da ke hannunai ya zauna."

Suka ce amin. A ƙarƙashin mayafi Khairi ta laluba ta kama ɗan yatsan mijinta, shi kuwa ya riƙe bai saki ba har mata suka shigo da guɗa.